Allo Mai Huji: Matakin da Bai Kamata Mai Koyon Lantarki Ya Tsallake Ba

A kowane shagon da ake sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin akan sami wani ɗan allo mai launin ƙasa-ƙasa ko kore, faɗinsa kamar tafin hannu, an jera masa ƙananan ramuka layi-layi tamkar rariya. Masu shago da ɗalibai sun fi kiransa Vero. Yana cikin mafi arha a kayan shagon, kuma siffarsa ba ta sauya ba cikin shekaru sittin. A kansa ne mai sha'awar haɗa na'urorin lantarki yake dasa ƙananan kayan aiki, ya liƙe ƙafafunsu da dalma, ya mayar da zanen takarda abin da ke aiki.

A 'yan shekarun nan an fara kallon wannan allo a matsayin tsohon yayi. Ana samun haɗaɗɗun sassa da ake jona su da waya kawai, kuma masana'antu a Sin suna buga wa mutum allon da ya zana a kwamfuta kan kuɗi kaɗan. Duk da haka, wanda ya tsallake allo mai huji ya tsallake darasin da babu inda ake koyonsa da kyau sai a can, wato yadda ake tsara da'irar lantarki a fili na zahiri, inda waya ke da tsawo kuma wuta ke haifar da zafi. Allon yana da iyaka, kuma sanin iyakar tasa wani ɓangare ne na darasin.

Allo uku, aiki uku

Da'irar lantarki hanya ce da wuta ke bi daga batir, ta ratsa kayan aiki, ta koma. Mai haɗa ta yana da allo iri uku da zai iya amfani da su.

Na farko shi ne allon gwaji, farar roba mai ramuka wadda aka ɓoye wa ƙananan maƙalai na ƙarfe a ciki. Ana cusa ƙafar kayan aiki a zare ta yadda aka ga dama, babu dalma. Shi kamar allon makaranta yake, a rubuta a wanke. Amfaninsa sauri, aibinsa kuwa rashin riƙo. Maƙalan sukan saki idan sun tsufa, waya kan zame idan an girgiza tebur, kuma ba a so a tura wutar da ta wuce kimanin amfiya 1 ta cikinsu.

Na uku shi ne bugaggen allo, irin wanda ke cikin kowace wayar hannu da rediyo, inda aka shimfiɗa hanyoyin wutar da siririn jan ƙarfe tun daga masana'anta. Injiniya Paul Eisler, ɗan asalin Ostiriya, ya yi amfani da wannan dabara a cikin wata rediyo a Ingila a 1936. Bugaggen allo yana da tsabta da ƙarko, amma da zarar an buga shi, kuskuren da ke cikin zanen ya zauna daram.

Allo mai huji yana tsakanin waɗannan biyu, kuma shi ma kashi biyu ne. Akwai wanda kowane rami yake da nasa zoben jan ƙarfe shi kaɗai, mai aiki ne zai haɗa rami da rami ta hanyar lanƙwasa ƙafafun kayan ko jan siririyar waya. Akwai kuma mai layi, wanda aka shimfiɗa wa dogayen layukan jan ƙarfe a bayansa, kowane layi ya haɗe dukkan ramukan da ke kansa. Wannan na biyun kamfanin Vero na Ingila ne ya fito da shi kasuwa a farkon shekarun 1960, daga nan sunan ya bi allon, har ya zama ana kiran kowane iri da shi. Jikin allon kuwa ko dai takarda ce da aka jiƙa da wani irin ƙaro aka matse, wato mai launin ƙasa-ƙasa mai arha, ko kuma zaren gilashi da aka daskarar, wanda ya fi jure zafi da danshi.

Milimita 2.54

Tazarar da ke tsakanin rami da rami galibi ɗaya ce a ko'ina a duniya: kashi ɗaya cikin goma na inci, wato milimita 2.54. Wannan adadi ya samu gindin zama ne bayan da injiniyoyin kamfanin Fairchild na Amurka suka ƙirƙiro, a 1964, baƙin gidan nan mai ƙafafu sahu biyu kamar ƙwaro, wanda masu gyara ke kira ayisi. An yi tazarar ƙafafunsa daidai da haka, sauran masu ƙera soket da maɓalli da makamantansu suka bi sahu. Sakamakon shi ne, ayisin da aka ƙera a shekarun 1970 zai zauna cif a allon da aka saya jiya.

Muhimmancin wannan daidaito ya fi fitowa a inda aka saɓa masa. Allon Arduino, wanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005, ya zama ƙofar da dubban matasa ke shiga harkar lantarki ta cikinta. Amma a samfurinsa mafi shahara, Uno, tazarar da ke tsakanin ƙafa ta 7 da ta 8 inci 0.16 ce. Saboda wannan ɗan bambanci, allo mai huji na yau da kullum ba ya hawa kan Uno sai an lanƙwasa ƙafafu ko an sayi allo na musamman. Ƙaramin samfurin, Nano, ya bi ma'aunin da aka saba, shi ya sa masu son mayar da aikinsu na dindindin suka fi ɗaukarsa.

Darasin da ba ya cikin zane

Misali ɗaya ya isa ya nuna abin da allon ke koyarwa. Ayisi mai lamba 555, wanda Hans Camenzind ya tsara a 1971 kuma kamfanin Signetics ya fitar a 1972, yana cikin waɗanda aka fi ƙerawa a tarihi. Ƙafafunsa takwas ne. Idan aka haɗa shi da rizista mai om 1,000, da wata mai om 68,000, da kafasita mai maikirofarad 10, zai riƙa kunna ƙaramin ƙwan haske yana kashewa kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Da wannan aikin galibin masu koyo ke farawa.

A zanen takarda abin yana da sauƙi: a haɗa ƙafa ta 2 da ta 6, a haɗa ta 4 da ta 8 a kai su kan batir. Mai zane yana ajiye kowace ƙafa inda ta fi masa daɗi. A jikin ayisin kuwa, ƙafa ta 1 zuwa ta 4 suna gefen hagu daga sama zuwa ƙasa, ta 5 zuwa ta 8 suna gefen dama daga ƙasa zuwa sama. Wayar da za ta tashi daga 2 zuwa 6 da wadda za ta tashi daga 4 zuwa 8 dole su gitta juna idan aka bi da su kai tsaye ta ƙarƙashin ayisin. Tilas ɗaya ta zagaya, ko ta tsallaka ta saman allon, ko a sa mata rigar roba. A allon gwaji wannan tambaya ba ta tasowa, domin wayoyi masu riga suna hawa kan juna yadda suka ga dama. A allo mai huji kuwa sai an yanke shawara kafin a narka dalma, kuma shawarar za ta zauna.

Ga mai amfani da allo mai layi akwai ƙarin darasi. Ƙafa ta 1 ita ce ta ƙasan batir, ta 8 kuma ta saman batir, kuma suna fuskantar juna a kan layin jan ƙarfe guda. Idan ba a yanke layukan nan huɗu da ke ƙarƙashin ayisin ba, ta hanyar murza bakin abin huda ƙarfe a kan ramin tsakiya da hannu, to an haɗe bakin batir biyu kai tsaye. Batir zai yi zafi, da'ira ba za ta motsa ba. Sannan da zarar an kifa allon don yin liƙi, hagu ya koma dama, ƙafa ta 1 ta koma ɗaya gefen. Wanda ya taɓa ƙona ayisi saboda wannan juyi ba ya sake mantawa da sa alama a bayan allo.

Daga nan sauran darussan ke biyowa, kowanne da dalilinsa. Ana sa ƙaramar kafasita mai nanofarad 100 dab da ƙafar da ayisi ke shan wuta, domin doguwar waya ba ta iya kawo wuta nan take a lokacin da ayisin ya buƙace ta kwatsam. Idan aka ajiye kafasitar can nesa a gefen allo, tana cikin zane amma ba ta aikinta. Ana sa dayod a gicciye da naɗin rile, domin naɗin yakan mayar da wuta mai ƙarfi baya a lokacin da aka katse shi, ya kashe tiransistar da ke tuƙa shi. Ana ware wa mota ko rile tasa hanyar komawa batir, domin idan suka yi tarayya da ayisi a siririyar waya guda, duk lokacin da motar ta tashi sai ayisin ya rikice.

Zafi ma lissafi ne. Mai daidaita wuta mai lamba 7805 yana karɓar bolt 12 ya fitar da bolt 5. Idan na'urar da ke bayansa tana jan rabin amfiya, bambancin bolt 7 ɗin nan yana zama zafi na wat 3.5 a jikinsa, abin da ba zai iya ɗauka ba sai an ɗaura masa faifan alminiyon mai sanyaya shi. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maradi, lokacin da zafi ke haura digiri 40, na'urar da ta yi aiki lafiya a ɗakin gwaji mai sanyi takan riƙa mutuwa da tsakar rana. Mai tsara allo da hannunsa shi ne zai bar wa faifan nan fili tun farko, ya nisantar da kafasita daga gare shi, domin zafi na rage mata kwana.

Sai kuma liƙin kansa. Dalmar da aka saba, mai kashi 60 na kuza da 40 na dalma, tana fara narkewa a digiri 183. Ƙa'idar ita ce a ɗora bakin ƙarfen liƙi ya taɓa ƙafar da zoben jan ƙarfe tare, a kawo dalmar wurin mahaɗar, ta malala da kanta cikin daƙiƙa biyu ko uku. Liƙi mai kyau yana sheƙi, yana hawa ƙafar kamar ɗan tsauni. Wanda bai samu isasshen zafi ba yakan dunƙule ya yi duhu, ya yi aiki yau ya ƙi gobe. Wanda aka daɗe a kansa kuma yakan ɗaye zoben daga jikin allon, musamman mai arhar nan. Wannan ilimi a hannu yake zama, kamar yadda tela ke sanin ƙarfin zare ba tare da ya auna ba.

Hujjar masu cewa zamaninsa ya wuce

Masu wannan ra'ayi suna da abin faɗa. Manhajar KiCad kyauta ce, kowa na iya zana bugaggen allo da ita a kwamfutarsa. Kamfanoni irin su JLCPCB na birnin Shenzhen sun yi suna da tallar buga ƙananan alluna biyar a kan dala 2. Yawancin sababbin ayisi ba sa zuwa da dogayen ƙafafu, ana manna su ne a fuskar allo, tazarar ƙafafunsu milimita 1.27 ko 0.5, wasu ma ba su da ƙafa sam. Masana'antu ba sa ɗaukar ma'aikaci don ya iya lanƙwasa waya. Me zai sa matashi ya kashe yini guda a kan abin da inji zai yi masa da tsabta?

Amsar farko ta lissafin kuɗi da lokaci ce. Dala 2 ɗin kuɗin bugawa ne kawai. Kuɗin aikowa yakan ninka shi sau da yawa, da kuɗin waje ake biya, kuma kayan kan ɗauki makonni kafin su iso. Idan aka gano cewa an juya ƙafa ɗaya a zanen, sai a sake biya a sake jira. Allo mai huji kuwa ana sayensa da safe a kasuwa, a gama aiki da yamma, idan an yi kuskure a narke dalma a gyara. Ga wanda yake buƙatar na'ura guda ɗaya tak, kamar ƙararrawar da za ta sanar da cikar tankin ruwa, ko fitilar da za ta kunna kanta idan duhu ya yi, babu hanyar da ta fi wannan sauri.

Amsa ta biyu ta fi nauyi. Manhaja tana bincika ko layuka sun haɗu yadda zane ya ce, amma ba ta hana mutum ajiye kafasita nesa da ayisi, ko jan siririyar hanya inda wuta mai yawa za ta bi. Wanda ya zo wurinta ba tare da ya taɓa jin 7805 ya ƙona masa yatsa ba zai zana allo mai kyan gani mai ɗauke da duk kurakuran da aka ambata a sama, a buga masa su sau biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukuncin da ake buƙata a gaban kwamfuta a kan tebur ake samo shi, inda kowane kuskure ke da wari da zafi.

Amsa ta uku ta shafi gyara. Wanda ya ja kowace waya da hannunsa ya san hanyar wuta daga batir har ƙarshe. Idan na'ura ta tsaya, zai ɗauki mita ya bi ta gaɓa-gaɓa har ya gano inda wuta ta ɓace. Wanda bai san komai ba sai jona haɗaɗɗun sassa, abin da ya iya shi ne cire wannan ya sa wani har a dace. A ƙasashen da yawancin na'urori daga waje ake kawo su, kuma rayuwarsu ta dogara ga masu gyara irin na kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, bambancin mai bin diddigin matsala da mai canjin kaya bambanci ne na kuɗi tsantsa ga mai na'ura.

Inda ya kamata a ajiye shi

Kare allo mai huji ba ya nufin a yi komai da shi. Akwai wurare huɗu da ya kamata a ja masa layi.

Mafi muhimmanci shi ne wutar gida. Wutar da ke cikin soket bolt 230 ce, kuma ƙololuwarta tana kaiwa kusan bolt 325. Filin da ke tsakanin zoben jan ƙarfe da maƙwabcinsa a allon bai kai milimita ɗaya ba. Ƙurar hunturu da ta kwanta a wannan fili, idan danshin damina ya same ta, tana iya zama hanyar wuta. Allon takarda kuma idan ya fara ƙonewa yakan koma gawayi, gawayin ya ƙara jan wuta. Na'urar sauya layi tsakanin wutar gwamnati da janareta, wadda ɗalibai ke yawan zaɓa a matsayin aikin kammala karatu, ita ce ta fi shiga wannan haɗari. Ɓangaren da ke tunani, mai bolt 5 ko 12, yana iya zama a allo mai huji. Ɓangaren wutar gida kuwa wurinsa daban ne, cikin rufaffen akwati, da fis, da kayan da aka ƙera domin wannan aiki, a hannun wanda ya ƙware.

Na biyu shi ne wuta mai yawa. Hanyar da aka yi da zubin dalma ba ta dace da inbata ko cajar babban batirin sola ba, inda amfiya goma ko fiye ke wucewa. Na uku shi ne sigina mai saurin gaske, irin ta na'urorin watsa rediyo, inda tsawon waya kansa ke sauya halin da'ira. Masu wannan fanni sukan kifa ayisi a kan faifan jan ƙarfe marar huji su liƙa kayan kai tsaye da gajerun ƙafafu. Na huɗu shi ne yawa. Idan ana son na'ura ashirin iri ɗaya, hannu zai gaji ya yi kuskure, a nan bugaggen allo ya fi arha kuma ya fi aminci.

Akwai kuma batun lafiya. Hayaƙin da ke tashi lokacin liƙi galibi na ƙaron da ke cikin wayar dalma ne, yana kuma cutar da huhu idan ana shaƙarsa kullum, don haka a yi aiki inda iska ke wucewa. Ita dalmar ta hannu take bi zuwa baki. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da ita a sababbin kayan lantarki tun 2006. Annobar gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 daga niƙan duwatsun zinariya ta samo asali, amma ta nuna irin ɓarnar da wannan ƙarfe ke yi wa jikin yaro. Wanke hannu bayan aiki, da hana cin abinci a teburin liƙi, da kawar da ɓurɓushin dalma daga inda ƙananan yara ke rarrafe, wajibi ne ga duk mai wannan sha'awa a cikin gida.

Abin da ya rage ga malamai da iyaye

A manyan makarantun kimiyya da fasaha na Nijeriya, allon Vero ya daɗe yana cikin aikin kammala karatun ɗaliban lantarki. Matsalar ita ce sau da yawa a nan ne ɗalibi ke fara riƙe ƙarfen liƙi da gaske, a shekararsa ta ƙarshe, lokaci ya ƙure, kuma sanannen abu ne cewa wasu kan biya mai gyara a kasuwa ya haɗa musu. Ranar kare aiki a kunna, fitila ta kama, a ba da maki.

Gyaran wannan ba ya buƙatar sabon gini ko injin miliyoyi. A fara liƙi tun shekarar farko, da ƙananan da'irori masu aiki da batir. A buƙaci ɗalibi ya kawo tsarin allonsa a takarda mai gida-gida, kowane gida a matsayin rami ɗaya, kafin a ba shi izinin narka dalma. A ranar jarrabawa kuma malami ya yanke waya ɗaya a ɓoye, ko ya juya dayod, ya miƙa wa ɗalibi mita da minti goma sha biyar. Wanda ya haɗa allon da kansa zai gano wurin, wanda aka haɗa wa kuma zai tsaya yana kallo.

Ga iyayen da ɗansu ko 'yarsu ke kwance rediyo don ganin abin da ke ciki, kayan farawa kaɗan ne: ƙarfen liƙi mai wat 25 zuwa 40, mita, ƙaramar filaya mai yanka, batir mai bolt 9, allon gwaji guda, allo mai huji biyu ko uku, da soket ɗin ayisi domin kada zafin liƙi ya lalata shi. A gwada da'irar a allon gwaji har ta yi aiki, a zana tsarinta a takarda, a liƙa ta a allo mai huji, a sa ta a akwati ta yi hidima a gida wata ɗaya. Idan ta jure zafi da ƙura da hannun ƙanne, to lokacin buɗe KiCad ya yi.